Ƙauyen Les Eyzies na Faransa: Kogwanni, Gidajen Yaƙi da Dutsen da Ya Haife Su

A kudu maso yammacin ƙasar Faransa, cikin lardin Dordogne, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Les Eyzies, wanda ake furtawa Lezezi. Titi ɗaya ne ya ratsa shi. Kogin Vézère yana gudana ta gefensa, ta ɗaya gefen kuma wani bangon dutse ne ya miƙe tsaye har ya yi wa wasu gidaje rumfa. Duk da ƙanƙantarsa, baƙi daga ƙasashe masu yawa suna zuwa kowace bazara domin ganin kogwanni masu zanen mutanen da, da kuma tsofaffin gidajen yaƙi da ke kewaye da shi. Wannan darasi zai nuna cewa abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, watau dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a yankin. Wanda ya fahimci halin wannan dutse zai gane dalilin da ya sa aka sami kogwannin, da dalilin da ya sa aka gina gidajen yaƙi a inda aka gina su, da kuma yadda numfashin 'yan yawon buɗe ido ya kusa hallaka mafi darajar kogon.

Asalin dutsen da aikin ruwa

Fiye da shekaru miliyan 80 da suka wuce, teku marar zurfi ne ya lulluɓe wannan yanki. Halittun ruwa masu ɓawo suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasan tekun, wani bisa wani, har nauyi da tsawon zamani suka mai da shi dutse. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa shi ne kalsiyam kabonet, wanda ake rubutawa CaCO3.

Tsantsar ruwa ba ya yi wa wannan dutse wani abin kirki. Amma ruwan sama ba tsantsa ba ne. Yana kwasar iskar kabon dayoksaid a sarari, ya ƙara kwasar wadda ta fi haka yawa yayin da yake ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi. Haɗuwar ruwa da wannan iska tana haifar da wani asid mai rauni, shi kuma yana narkar da dutsen sannu a hankali:

CO2 + H2O → H2CO3
CaCO3 + H2CO3 → Ca(HCO3)2

Abin da ya fito a ƙarshe yana narkewa cikin ruwa, ruwan kuma ya tafi da shi. Ta haka tsaga mai kaurin zare take zama rami, rami ya zama kogo, cikin dubban ɗaruruwan shekaru. Abin lura shi ne wannan aiki yana iya juyawa da baya. Idan ɗigon ruwa ya isa rufin kogo, wani ɓangare na iskar da ke cikinsa yakan fita, sai ya ajiye ɗan ƙurar dutsen da ya ɗauko. Ɗigo bayan ɗigo, sai tsinken dutse ya riƙa saukowa daga rufi, wani kuma ya riƙa tasowa daga ƙasa. Ana ganin irin waɗannan a kogon Grand Roc da ke bakin ƙauyen, wanda aka gano a 1924, da kuma ramin Proumeyssac kusa da garin Le Bugue, inda a 1907 aka zura wani mai haƙar rijiya da igiya ya tarar da ƙaton ɗaki a ƙarƙashin ƙasa.

Rumfunan dutsen da ke inuwantar da gidajen ƙauyen kuwa aikin sanyi ne. Dutsen hawa-hawa yake, wani hawa ya fi wani taushi da shan ruwa. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin ɗari, saboda haka yakan farfasa hawa mai taushi ya zubar da shi, mai tauri kuma ya rage a sama kamar rufin shago.

Mutanen da suka zauna a ƙarƙashin rumfa

Waɗannan rumfuna, musamman masu fuskantar kudu inda rana ke bugawa, su ne suka jawo mutane tun zamanin da Turai ke fama da matsanancin sanyi. Ga ruwa a kusa, ga garken dabbobi suna bi ta kwarin, ga kuma dutsen ƙyastu a cikin farar ƙasar kanta, wanda ake fasawa a yi wuƙa da kan mashi. A 1868 wasu leburori da ke aikin hanya a ƙauyen suka tono ƙasusuwan mutane a wata rumfa da ake kira Cro-Magnon. Masanin duwatsu Louis Lartet ya bincika wurin, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna shekarun ƙasusuwan sun kusa 30,000. Siffarsu irin ta mutanen yau ce. Daga sunan wannan rumfa aka sami sunan da littattafan makaranta ke kiran mutanen Turai na wancan zamani.

Sau da yawa ana ce musu mazauna kogo, amma wannan kuskure ne. A bakin rumfa suke zaune, inda akwai haske da iska. Cikin kogo mai duhu suna shiga ne da fitilar dutse mai kitsen dabba, su yi zane su fito. A 1901 wani malamin makarantar ƙauyen, Denis Peyrony, ya gano irin wannan zane a kogon Font-de-Gaume, tafiyar mintoci kaɗan daga tsakiyar gari: hotuna sama da 200 na dawaki, da bison mai kama da ɓauna, da mamot, watau giwa mai gashi wadda ta ƙare a duniya. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihin da ke cikin kangon tsohon gidan sarautar ƙauyen, wanda aka gina a jikin bangon dutsen.

Lascaux: kogon da aka rufe

Kimanin kilomita 25 daga Les Eyzies, kusa da garin Montignac, kogon Lascaux yake, ana furta shi Lasko. Samari huɗu ne suka shiga cikinsa ranar 12 ga Satumba, 1940, babbansu Marcel Ravidat yana da shekara 18. Suka tarar da zanen fenti kusan 600 da zanen da aka kankara a dutse kusan 1,500. Akwai wani bijimi da tsawonsa ya haura mita 5. Ja da rawaya an samo su ne daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe, baƙi kuma daga sinadarin manganis. An daɗe ana ƙiyasta shekarun zanen a kan 17,000, awon baya-bayan nan kuma ya kai su wajen 21,000.

Me ya adana fenti tsawon wannan lokaci? Bakin kogon ya toshe tun tuni, akwai kuma wani hawa mai yumɓu a samansa da ke hana ruwa ɗiga. Zafi da laima da iskar ciki suka zauna a kan ma'auni ɗaya, ba sa canzawa sai kaɗan.

A 1948 aka buɗe kogon ga jama'a, aka faɗaɗa ƙofa, aka sa fitilun lantarki. Ba da daɗewa ba masu shiga suka kai 1,200 a rana. A nan ne ɗalibi zai koma ga lissafin da ke sama. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin kashi 0.04 cikin ɗari, amma numfashin da mutum ke fitarwa yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin ɗari, ninki ɗari ke nan. Kowane baƙo yana kuma fitar da tururi da zafin jiki. Tururin yakan zama raɓa a jikin bango mai sanyi, raɓar ta sha iskar, ta zama asid ɗin nan mai cin dutse, a daidai fuskar da fentin ke kwance. Tun a 1955 aka fara ganin alamun lalacewa. Daga baya gansakuka ta tsiro saboda hasken fitilu, Faransawa suka kira ta koriyar cuta. Sai kuma farar cuta, watau wani farin lulluɓi na kalsiyam kabonet da ya soma rufe hotunan. A 1963 ministan al'adu André Malraux ya ba da umurnin rufe kogon.

Rufewar ba ta kawo ƙarshen matsalar ba. A 2001, bayan an sauya na'urar daidaita iskar kogon, wata farar funfuna mai suna Fusarium solani ta bazu a ƙasa da bango, bayan wasu shekaru kuma baƙaƙen tabo suka bayyana. Kogon da aka buɗe sau ɗaya ba ya komawa yadda yake. Abin da baƙi ke gani yanzu kwaikwayo ne: Lascaux na biyu da aka buɗe a 1983, mita 200 daga na asali, da kuma cikakken kwafi da aka buɗe a gindin tudun a Disambar 2016. Font-de-Gaume yana nan a buɗe, amma mutane ƙalilan ake bari su shiga a rana. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sanya wuraren tarihin kwarin Vézère cikin kayan gadon duniya.

Gidajen yaƙi a kan tsauni

Dubban shekaru bayan masu zane, dutsen ya sake yi wa mutanen yankin amfani ta wata fuska. Faransawa suna kiran gidan basarake mai ganuwa da hasumiya da sunan shato. Gida ne, kuma ribaɗi ne. Farar ƙasa tana da sauƙin sassaƙa, saboda haka a wurin ake haƙo dutsen gini, ramin da aka haƙa kuma ya zama gwalalon tsaro. A La Roque Saint-Christophe, arewa da ƙauyen, ba a ma yi wahalar ɗaga bango sosai ba. Bangon dutse ne mai tsawon kilomita ɗaya da tsayin mita 80, aka sassaƙa ɗakuna da matakala a jikinsa har ya zama gari, kafin a rushe shi a 1588 lokacin yaƙin Katolika da Furotesta. A Commarque kuwa, gabas da ƙauyen, hasumiyar ƙarni na 12 tana tsaye ne daidai bisa wani kogo mai sassaƙen doki na zamanin da.

Mafi shahara su ne guda biyu da ke kallon juna a kan kogin Dordogne, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas. Beynac yana bisa tsauni mai tsayin mita 150 daga ruwa, ta yadda ɓangaren kogi ba ya bukatar mai gadi. Castelnaud yana ɗaya tsallaken. Gabarsu ta samo asali ne daga aure: a 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Henry wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, sai kudu maso yammacin Faransa ya shiga hannun sarakunan Ingila. Ɗansu Richard, mai laƙabin Zuciyar Zaki, ya riƙe Beynac har mutuwarsa a 1199. A Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, kogin ya zama iyaka. Beynac na bayan Faransa, Castelnaud kuma galibi na bayan Ingila, har Faransawa suka karɓe shi a 1442 bayan ƙawanyar mako uku.

A Castelnaud akwai gidan tarihin kayan yaƙi, inda aka sake ƙera manyan majaujawar yaƙi. Doguwar sanda ce a kan madogara, an rataya akwatin duwatsu mai nauyin tan da yawa a gajeren hannunta. Idan akwatin ya faɗo, dogon hannu yakan yi sama da sauri ya wurga dutse mai kilo 100 nisan kusan mita 200. Malamin fiziks zai sami misali mai kyau a nan na yadda ƙarfin da ke ajiye a abu mai nauyi yake komawa ƙarfin motsi. Igwa ce ta kashe kasuwar majaujawa da ta dogayen ganuwa baki ɗaya. A Castillon, a bakin wannan kogi, igwogin Faransa suka murƙushe rundunar Ingila a 1453, yaƙin ya ƙare. Daga baya aka ƙaurace wa Castelnaud, bayan juyin juya halin 1789 kuma mutane suka riƙa kwasar duwatsunsa suna gini, sai daga wajen 1966 aka soma gyara shi.

Gwaji domin aji

Ana iya nuna duk wannan da kayan da ke hannu. A sami ɓawon ƙwai, ko na katantanwa, ko guntun farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti, wadda ita ma a ƙasan tsohon teku ta samu. A ɗiga ruwan lemun tsami a kai, za a ga kumfa tana tashi. Kabon dayoksaid ce ke fita. Allin rubutu ba lallai ya yi kumfa ba, domin yawancinsa da wani sinadari dabam ake yin sa.

Gwaji na biyu shi ne ya fi kusa da abin da ya faru a Lascaux. A zuba tataccen ruwan kalsiyam haidroksaid a kwalba, ɗalibi ya hura numfashi ciki da tsinken shan lemo, a kula kada ya zuƙa. Ruwan zai yi fari kamar madara, domin kalsiyam kabonet ya samu. Idan ya ci gaba da hurawa na wasu mintoci, farin zai ɓace, ruwan ya sake washewa. A nemi ɗalibai su rubuta lissafin kowane mataki, sannan su faɗi wanne ne ya yi daidai da cinyewar bangon kogo, wanne kuma ya yi kama da farar cuta.