Filatilet da bugun zuciya: abin da agogon zamani ba ya gani

Matasa da yawa a Barnawa, Narayi da Sabon Tasha sun rungumi agogon zamani mai ƙirga bugawar zuciya. Sai dai akwai haɗarin da agogon ba ya hangowa. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa Apple Watch ba ya gano bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Dalilin yana cikin wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet.

Mene ne filatilet?

Ƙwayoyi ne da ɓargo ke samarwa, kuma kowace tana yin kwana 7 zuwa 10 a jiki. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini. Aikinsu tsayar da jini ne: idan reza ta yanki mutum, su ne ke taruwa su manne wa juna su toshe wurin.

Yadda suke cutar da zuciya

Hawan jini, ciwon suga, sigari da shisha suna lalata bangon jijiya, kitse ya riƙa taruwa a ciki shekara da shekaru. Ranar da tarin kitsen ya fashe, filatilet kan ɗauka rauni ne, sai su dunƙule a wurin, su saki sinadaran da ke kiran 'yan uwansu, har gudan jini ya toshe hanya. Naman zuciyar da ya rasa iskar oksijin yakan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

Ko bayan likitoci sun buɗe jijiyar, ɓarɓashin gudan jinin na iya toshe ƙananan jijiyoyi, filatilet kuma su ƙara kumburi a wurin. Shi ya sa ake ci gaba da ba majinyaci magungunan da ke hana su mannewa.

Ina asfirin ya shigo?

A 1971 masanin Ingila John Vane ya gano yadda asfirin ke aiki, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1982. Asfirin yana hana filatilet haɗa sinadarin da ke tara su. Gwajin ISIS-2 na 1988, a kan majinyata fiye da 17,000, ya nuna maganin ya rage mace-mace da kashi 23 cikin ɗari. Amma ba na sha barkatai ba ne: yana iya jawo zubar jini ga mai gyambon ciki, don haka shansa kullum sai da umarnin likita.

Aikin da waya za ta iya

Alamomin sun haɗa da nauyi a ƙirji da ke wucewa zuwa hannu ko muƙamuƙi, zufa mai sanyi da sarƙewar numfashi. Wanda ya ga haka ga mahaifinsa kada ya tsaya duba agogo ko tambayar intanet. Ya kira 112 ko ya nemi mota nan take. Mazauna kudancin kogi suna da asibitin St. Gerard da na Gwamna Awan a yankin Kakuri, ba sai an fara da cunkoson gada ba. Ya kamata lambar direban da za a samu da tsakar dare ta kasance cikin waya tun yau.