Yadda Za Ka Kare Kwamfutar Tebur Daga Ƙurar Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo a ƙarshen Nuwamba, masu gyaran kwamfuta sun san aiki ya samu. Ƙorafin kusan ɗaya ne: "Tana kashe kanta ana cikin aiki," ko "Fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe." Sai mai ita ya ɗora laifi a kan bairos ko rashin ƙarfin wuta, alhali sau da yawa ƙura ce ta cika cikinta.

Ƙurar nan da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana da laushi ƙwarai, babu kafar da ba ta bi. Ita kuwa kwamfutar tebur da iska take sanyaya kanta. Fankoki su zuƙo iskar ɗaki, su bi da ita ta kan kayan ciki, su fitar, duk abin da ta ɗauko kuma a nan yake sauka. A kan furosesa akwai wani ƙarfe mai siraran haƙora da ke janye zafi. In ƙura ta toshe tsakaninsu, zafin ya rasa mafita. Idan ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos sai furosesa ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe na'urar don kada ta ƙone.

Abu na farko, ɗauke akwatin kwamfutar daga ƙasa. Mutane da yawa, har da masu shagunan buga takardu, suna tura shi ƙarƙashin tebur kusa da ƙafa, inda duk shara da takun mai shigowa ke tayar da ƙura. Ɗora shi kan tebur ko benci, nesa da taga da ƙofa, ka bar tazarar akalla taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kafin a yi shara a yayyafa ruwa a ƙasa, kuma a kashe kwamfutar har ƙurar ta lafa. A lulluɓe ta da ƙyalle in an tashi aiki, amma kada a kuskura a bar lulluɓin tana kunne. Hayaƙin turaren wuta, na maganin sauro da na taba su ma suna sa ƙura ta yi danƙo ta manne, don haka a nisanta su. In gaban akwatin yana da raga mai tace iska, a riƙa cire ta ana wankewa, ta bushe sarai kafin a mayar.

In lokacin share cikin kwamfutar ya yi, kashe ta, zare filogi daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa kamar 10 don ragowar wuta ta fita. Fita da akwatin tsakar gida, ka sa takunkumi, ka kwance kusoshin murfin gefe.

A nan ne nake so a natsu. Ka san tartsatsin da ke fita idan ka tuɓe rigar sanyi da daddare, ko ɗan jan da murfin mota ke yi wa yatsa a hunturu? Lantarki ne da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma yana iya lalata ram ko madabod. Saboda haka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, ka riƙa maimaitawa, kuma kada ka yi aikin a kan darduma.

Yi amfani da bulowa, wato na'urar hura iska, kana hurawa kaɗan-kaɗan daga ɗan nesa. Kowace fanka ka zo kanta, tare fukafukanta da yatsa ko tsinke, domin in iska ta juya ta fiye da ƙima tana lalacewa. Inda ƙura ta kafe, sabon burushin fenti mai laushi ya wadatar. Ban yarda da hurawa da baki ba, yawu yana bi. Jiƙaƙƙen tsumma, fetur da kananzir kuwa ba su da wuri a cikin kwamfuta, tsumma na bayan akwati ne kawai.

Abu biyu ka bar wa mai gyara. Kada ka ɗaga ƙarfen da ke kan furosesa in ba ka da sabon man da ake shafawa tsakaninsu, don tsohon ba ya komawa daidai. Akwatin wutar da filogi ke shiga kuma kada ka buɗe shi ko kusa, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Hura masa iska ta ragarsa ya isa.

A ganina, a garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, a buɗe a duba duk wata a lokacin hunturu, sannan a yi babbar shara kafin damina, domin ƙurar da ta sha laima tana sa tsatsa, tana kuma iya haɗa wuta. In ba ka da bulowa, haɗa kuɗi da maƙwabtan shago ku sayi guda ɗaya, kuɗinta bai kai na sabon madabod ba.