OLED ko QLED: wace talabijin ta dace da falon Kafanchan?

Duk wanda zai haɗa ɗakin kallo a gida, a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa, ya fara duba falonsa kafin ya duba aljihunsa. A OLED, wadda LG ya fara sayarwa a 2013, kowane ɗigo na allon ne ke ba da haskensa, ya kuma mutu idan hoton baƙi ne, shi ya sa duhunta ke fitowa baƙi ƙirin. QLED kuwa fitilu ne a bayan gilashi suke haska hoton, don haka ta fi ƙarfin haske. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, inda ake kallon ƙwallo da la'asar, tagogi a buɗe, rana na shigowa. Haka kuma tambarin tasha da allon sakamakon wasa, idan suka daɗe a wuri ɗaya kullum, suna iya barin tabo a allon OLED wanda ba ya gogewa.

Wani zai ce ai fim da dare ya fi kyau a OLED. Gaskiya ne, kuma mai ɗaki na musamman da labule masu kauri bai yi asara ba idan ya saye ta. Amma a tuna da gyara: fitilun bayan QLED idan suka ƙone, mai gyara na iya sauya su, allon OLED kuwa sai dai a sake shi ɗungurungum. Rarar kuɗin da aka samu ta sayen QLED gara a sa ta a sitabilaiza mai kyau, a kuma riƙa zare filogi da wayar dish idan tsawar damina ta taso.