Darasi: Rijiyar Kowa da Kowa, Wa Ke da Magana a Kanta?

Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa ne. Duk wanda ya taɓa koro shanu daga Abalak ko Dakwaro zuwa Illela ko Jibiya ya san ribarsa tana bakin rijiya. Da bazara saniya guda takan sha lita 30 zuwa 40 a yini. To, garken shanu 100 fa? Lita dubu 3 zuwa dubu 4 ke nan, kuma da wasaki za a jawo su. In suka kwana biyu ba su sha ba, sai su faɗa, dillali ya karya musu kuɗi.

A da, wanda ya gina rijiya shi ke fara shayarwa. Baƙo ya zo ya yi sallama, a ba shi layi, a yanka masa kwanakin da zai yi. Ba a hana shi ruwa, don malamanmu sun karantar da mu haramcin hana mai ƙishirwa. Amma wannan izini shi ke tsare ciyawar wurin, don mai riƙe da rijiya shi ke riƙe da makiyaya.

Da gwamnati ta shiga gina rijiyoyin siminti da foraj a arewacin Nijar, musamman daga shekarun 1960, sai aka ce na kowa ne. Niyya mai kyau ce, amma ba a zauna da mutanen wurin ba. Abin da ba shi da mai shi, mai ƙarfi ke cinye shi. Garkuna suka taru, ciyawa ta ƙare, sanda ta maye gurbin sallama. A kudu kuma gonaki suka toshe burtali da mashaya. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100 a Oktoba 1991.

A 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da hukumomin filaye da ake kira COFO, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Dokar 1997 ta ba makiyayan da ke da asali a wuri fifiko, amma ba ikon korar baƙo ba. Ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne.

Ina matsayinmu? Kwamitin rijiya na mazauna ne, mu kuwa masu wucewa ne. Ranar da ake yanka kuɗin ruwa da tsara layi ba mu nan, sai mun iso mu tarar da hukunci. Saboda haka:

1. Ƙungiya ta nemi a riƙa kiran wakilinta zaman COFO da na kwamitocin rijiyoyin da ke kan hanyarmu.
2. A tura mutum gaba ya gaida mai gari ko arɗo kafin shanu su iso.
3. A biya kuɗin ruwa, a karɓi takarda, a ba da gudummawar gyara.
4. A ja wa yaran kora kunne: mata masu ɗibar ruwan sha su ne farko.

Hanyar nan za mu sake bi baɗi, kuma rijiyar da muka yi faɗa a kanta bana ita za mu tarar. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.