Aikin Zane a Aji: Darasi Daga Babbar Riga

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba abin da ɗalibi yake ƙaruwa da shi idan aka ba shi aikin ƙirƙiro zane, ya kuwa nemi samfurinsa daga fasahar gida.

Tushen Al'amari

A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun Turawa da zanen gargajiya.

Yadda Aikin Ya Gudana

A kan wannan turba aka umarce mu da mu fitar da sabon zane daga aikin babbar riga. Na zaɓi aska takwas da tambari. Da farko na zauna wurin maɗinki, na ga yadda ake zana siffar a jikin yadi kafin allura ta bi ta. Sannan na kwafe ta a takarda, daga bisani na sāke mata tsari. A nan ne wahalar take: in an sauya da yawa, aska ta ɓace, in ba a sauya ba, kwaikwayo ne kawai.

Kammalawa

Kowane zane yana da suna, sunan kuwa a bakin masu sana'a yake. Saboda haka ya wajaba ɗaliban Hausa su tattara waɗannan sunaye tun masu su suna raye.