Leda da Teku

Yara, kowa ya san leda da gorar roba. Daga ɗanyen man da ake haƙowa a ƙasa ake yin yawancinsu. Ba su da nauyi, ba su kuma da tsada. Amma suna da aibi babba, watau ba su ruɓewa kamar ganye ko takarda. Sai dai su farfashe ƙanana-ƙanana, su daɗe shekara da shekaru.

In aka yar da leda a titin Kaduna, ruwan sama ya kan kai ta kwata, daga kwata sai kogin Kaduna. Kogin nan yana zubawa cikin Kwara, ita kuwa Kwara tana zubawa cikin tekun Atilantika.

Can cikin teku kunkuru ya kan hangi leda tana shawagi, ya zaci abincinsa ce, ya haɗiye. Sai ta toshe masa hanji, ya mutu. Kifaye ma suna cin gutsattsarin roba, mu kuma mu ci kifi. A 1997 wani matuƙin jirgin ruwa, Charles Moore, ya tarar da shara mai ɗimbin yawa tana yawo a tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Kalifoniya.

Ruwanda ta hana amfani da leda a 2008, Kenya kuma a 2017. Mu ma da namu aikin. In an aike ka kasuwa, ka tafi da kwando ko jakar tufa. Kada ka yar da leda a hanya ko a kwata.

Tambayoyi
1. Me ya sa leda ta ke daɗewa?
2. Ta wace hanya leda ta ke isa teku?