Ciwon Baki da Ƙafa a Dabbobi: Hanyoyin Ganewa da Matakan Shawo Kansa

1.0 Gabatarwa

Ciwon baki da ƙafa, wanda makiyaya ke kira boru, cuta ce mai saurin yaɗuwa da ƙwayar bairos ke haddasawa. Tana kama dabbobi masu rababben kofato, wato shanu da tumaki da awaki da aladu, amma ba ta kama doki ko jaki. Ba kasafai take kashe manyan shanu ba, sai dai takan ƙafar da nono, ta kwantar da shanun huɗa, ta kuma kashe maruƙa saboda illar da take yi wa zuciyarsu.

2.0 Gane Cutar

Alamu kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan kamuwa. Da farko zazzaɓi ne, sai dalalar miyau da ɗingishi, sannan ƙuraje masu ruwa su fito a harshe da dasashi da hantsa da tsakanin kofato. A tumaki da awaki alamun ba su cika fitowa fili ba, don haka sukan yaɗa cutar ba a ankara ba.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙwayar iri bakwai ce, kuma rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani. An tabbatar da samuwar O da A da SAT1 da SAT2 a Nijeriya. Saboda haka ake ɗaukar ruwan ƙurji ko fatarsa a kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a tantance irin.

3.0 Matakan Shawo Kai

Maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya kashe bairos, amfaninsa hana gyambunan ruɓewa ne kawai. Muhimman matakai su ne ware dabbar da ta kamu, da killace sabuwar saye na mako biyu, da wanke akurki da motocin ɗaukar dabbobi, da allurar rigakafin da ta dace da irin da ke yawo, a maimaita ta kusan duk wata shida.

A 2001 Birtaniya ta yanka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin ta kawar da cutar. Wannan hanya ba za ta yiwu ba inda garke shi ne jarin iyali, kuma shanu ke cuɗanya a burtali da mashaya da kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Illela.

4.0 Kammalawa

Makiyayi ne ke fara ganin alama. Idan jami'in lafiyar dabbobi ya san sunan da makiyayi ke kiran cutar, rahoto zai iso da wuri. A nan manazarta Hausa ke da rawar takawa, ta hanyar tattara sunayen cututtukan dabbobi na karuruwan harshe daban-daban da daidaita su don faɗakarwa a rediyo.